Wanda Na Riƙe Ranar Baftisma Yana Gyangyaɗi a Kan Sitiyari

Doña Eulalia, ki agaza mini, kunya ta hana ni sakat.

Gidan burodi gare ni a garin Manizales. Yeison ɗan aminiyata ne, ni na riƙe shi a coci ranar baftismarsa, har ya yi iyali Mama yake ce mini. Shi ke tuƙa motar rabon burodinmu, sai ranar da ya yi gyangyaɗi a gangaren kasuwa ina zaune a gefensa. Katanga ce ta tare mu. Ba ya shaye-shaye, barci ne kawai ke sace shi da rana tsaka. Na sallame shi. Uwarsa ta ɗauka ciniki ne ya ja baya, na bar ta a haka.

Yanzu wata makaranta za ta ba shi motar ɗaukar yara, kuma ni ya ce a tambaya game da aikinsa. Shugabar sai bugo waya take. Ni da duk unguwa ke shakkar bakina, ga ni ina laɓewa bayan tanda, ana cewa na fita. Ƙanena lauya wai in faɗi ranar da Yeison ya kama aiki da ranar da ya bari, in ja bakina, kada a maka ni kotu kan ɓata suna. Iyakar karatunsa ke nan. Na fi shi cin littafi, ban taɓa karanta inda shiru ya taka birki ba. Amma kowace Lahadi kujera ɗaya muke zama da uwarsa. Da wane ido zan dube ta?

Mai Ɓuya Bayan Tanda

'Yar'uwa,

Tsoron ƙanenki ba na banza ba ne, sai dai ya amsa tambayar da ba ki yi ba. Ki koma ki tambaye shi yadda za ki faɗi gaskiya doka ta kare ki. Faɗin abin da idonki ya gani, ga wadda ta tambaya, ba ƙari ba zato, daban yake da ɓata suna.

Amma kada Yeison ya ji a bakin wani. Ki kira shi yau, ki gaya masa abin da za ki faɗa, ki ba shi damar janyewa da mutuncinsa. Ki raka shi asibiti, irin wannan barcin yakan zama ciwo mai magani. Duk aikin da babu sitiyari, ki tsaya masa da ƙarfinki.

Aminiyarki za ta yi fushi, wataƙila ta sauya kujera. A coci kin yi alkawarin tsare ɗanta, kuma hana shi makullin motar nan yana cikin alkawarin.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, shi kuma ya ba shi lafiya. Fito daga bayan tandan, ki ɗauki wayar.

Doña Eulalia