Kwalbar da aka juye a farfesun Baba

Hajiya Hamdiya, ki taimake ni don Allah. Yau kwana tara ina laɓewa bayan ƙofa in na ji motsin maƙwabtana.

Ni 'yar Damagaram ce, ina karatu a Lyon ta ƙasar Faransa, ina zaune a unguwar Vénissieux. Ƙofata na kallon ta Madam Claire da mijinta Jean, tsofaffi da suka riƙe ni kamar 'yar cikinsu. Da na kwanta asibiti ita ta yi jinyata. Duk Lahadi tare muke cin abinci. Ni nake sayo naman shanu wurin mahauci Musulmi in kai mata, ta yi wani farfesu mai duhu da suke kira bourguignon. Shekara uku ina suɗe kwano, ina ganin na gama wayo tunda da hannuna na zaɓi naman.

Shi Jean kuwa gwanin sanin jar giya ne. Sai ya yi rabin awa yana bayanin wace kwalba ta dace da rago, wace ta dace da cuku. Ni dai ga ruwana a kofi, ina ruwana da zancensa.

Watan jiya mahaifina ya zo ganina, suka gayyace mu. Baba, wanda bai taɓa ko zama inda ake sha ba, ranar har kwalaben aka kawar daga tebur saboda shi. Ya ci farfesun, ya yi ƙari. Tun da ya koma gida yake yabonsa a waya, sai na roƙi Madam ta koya mini. Ina tsaye kusa da murhu ta buɗe kwalbar giya ta tuttule ta duka a kan naman. Jean kuma ya ƙara da fara'arsa cewa ranar Baba, kwalbar da ya ajiye shekara goma sha takwas ya juye, don babban baƙo ya cancanci mafi kyau, kuma ai wuta na cinye giyar.

Na fice na koma ɗakina. Jiya na tarar da kwanon miya a bakin ƙofata, ban taɓa shi ba. Ina jin haushinsu, ina kewarsu, ga Baba yana jiran in dafa masa in na je hutu. Yaya zan yi?

'Yarki mai ruɗewa, Vénissieux

'Yata, na ji girgizar da kika yi, kuma da gaskiyarki. Amma ki natsu. Ba da sani kuka ci ba, ke da Baba. Ki yi istigfari, ki daina ci daga yau, sauran bayani ki nemi malamin da kika yarda da shi.

Su kuwa ba cutar ki suka yi ba. Kin tambayi nama, ba ki taɓa tambayar romo ba, su ma ba su san da sauran tambaya ba. Mutumin da ya sadaukar da kwalbar shekara goma sha takwas, girmama mahaifinki ya yi iyakar saninsa. Shirunki yanzu shi ne abin da za su ɗauka wulaƙanci.

Baba kuma, ki gaya masa gaskiya in kun haɗu ido da ido, kada ki yi ta waya.

Ki wanke kwanon nan, ki zuba musu miyar kuɓewa a ciki, ki ƙwanƙwasa ƙofar yau ɗin nan. Ki faɗa musu a fili cewa giya ko a tukunya ba ta halatta gare ki. Ranar Lahadi ki sayo naman kamar kullum, amma wannan karon ludayin ya zauna a hannunki.

Allah ya bar ku tare.

Hajiya Hamdiya