Ranar da Kawu Ya Ɗauki Jakata

Jidda, 3 ga Maris, 1974

Yaya Rahamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Inna da yara. Karatu alhamdu lillahi.

Yaya, kin tuna yadda kuke tsokanata da Jatau saboda farar fatar dangin Baba? To a nan ta zama jari. Idan na je sayen tamis, wato burodinsu, mai tanda sai ya tsallake mutum biyar ya miƙo mini, "Tafaddal ya ustaz," alhali Larabcina ko na roƙon ruwa bai nuna ba. Kawu Haladu kuwa, ƙanen Inna da aka haifa a garin nan, wanda ko mafarki da Larabci yake yi, sai ya tsaya har ƙafa ta yi tsami, ana ce masa "ya Takaruni," sunan da suke kiran baƙar fata 'yan ƙasarmu. Ba zan ɓoye miki ba, abin yana mini daɗi.

Yanzu ga damuwa. Ƙarshen wata za a rushe gidan da muke ciki a Kurayyat, titi zai bi ta kai. Kawu ya samo wani, amma mai shi yana ganinsa ya ce halas, wato shi ke nan, an riga an kama. Sai Kawu ya sa mini farar jallabiya da ƙyallen ka irin nasu, ya ce in rufe bakina in riƙa ɗaga hanci, shi kuma ya ɗauki jakata ya biyo ni a baya kamar barana. Gidan da aka kama jiya sai ga mabuɗinsa a hannuna, har da shayi aka ba ni.

A gaida kowa.
Ƙaninki, Rafi'u

Katsina, 28 ga Maris

Rafi'u,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai wasiƙarka. Ka ce wa ya ɗauki jakar wa? Na karanta wa Inna, ta saki tsintsiya ta kama salati. An tura ka neman ilimi, ashe rashin kunya kake haddacewa. Ni na yi maka wanka har ka shekara bakwai, na san inda farin naka ya tsaya, ɗan nema.

Amma Inna ta ce tunda Kawu ne ya tsara, kada ka kwance masa zane a kasuwa. Ka ci gaba da ɗaga hancin, iyalinsa kada su kwana a titi. Allah ya shirye ka.

Yayarka, Rahamatu

Jidda, 20 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ku. Na tafka ta.

Mai gidan ya zo da hantsi duba famfo. Ina kan kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ga Kawu ya dawo daga ziyarar Madina, kwanansa huɗu. Wallahi ban san lokacin da na tuɓe takalmi na zube ƙasa ba, ina "Kawu sannu da hanya." Kawu ya harare ni. Daga ciki na ji matarsa Zakiya ta fara harhaɗa tukwane, ta ɗauka korarmu za a yi.

Mai gidan ya dube ni, ya dubi Kawu. A nan ba a durƙusa wa mutum. Sai ya yanke wa kansa cewa baƙin mutumin da farin ustazu ke zube wa ƙasa ba ƙaramin waliyyi ba ne, wanda ya ɓoye kansa. Ya rungume Kawu, ya sumbaci kansa, yana "Samihni ya Shaikh," wai a yafe masa.

Na yi dariya har cikina ya ƙulle, daga baya ta ƙi fita. Shekara talatin Kawu yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa, amma sai da gwiwata ta taɓa ƙasa mutumin ya dubi fuskarsa. Kunya nake ji, Yaya, sosai.

Ku sa ni a addu'a.
Rafi'u

Jidda, 2 ga Mayu

Ya binti Rahamatu,

Salam. Kawunki ne Haladu, Hausata ki yi haƙuri da ita. Ki ce wa Yaya, Innarku, gida ya zauna, halas.

Jiya mai gida ya zo da dabino, wai ya Shaikh a yi masa addu'a. Ni lebura ne, amma na ɗaga hannu, na daɗe. Yana ta amin, amin, har da hawaye. Da Hausa na yi. Bai san abin da ya ce wa amin ba.

Wassalam,
Kawunki