Tabon da Na Gani a Bayanka, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Wanzam Ɗanjuma na Ƙarfi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifi, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai mutanen gida duk lafiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta. Masarar da ka shuka kafin ka kwanta ciwo mun girbe, ta yi kyau.

Baba, an cire mini ƙarin nan na ƙeya. Yau sati uku.

Ina ɗan shekara sha shida ya fito, bai fi gyaɗa ba. Ka danna shi da babban yatsa, ya motsa, babu zafi. Ka ce gado ne, kai ma ka yi irinsa a baya, da ƙaho da garin magani ka narkar da shi. Ka ce ranar da wuƙar likita ta taɓa ƙeyata, a makara za a dawo da ni. Ban taɓa shakka ba. Wa zai yi maka musu a kan aska?

Duk bazara sai ka kife turmi, ka zaunar da ni, ka tsaga, ka kafa ƙaho. Shekara ashirin da biyu. Ƙarin ya wuce goruba, ya doshi lemo, sunana ya koma Sale Mai Tozo. Ana zafin da kaza ke buɗe baki, ni ina naɗe da hirami. Da Hanne matata ta ce mu gwada asibiti, na daka mata tsawa, na ce ko ta fi Baba sani ne? Sai da ta yi yaji na kwana goma.

Mutane na zuwa a kan babur, har daga Maska, kowa da nasa kumburin. Ka kan nuna musu bayanka ta saman riga, ka ce nan naka yake, ga shi babu. Sannan ka nuna ni, ka ce nawa taurin kai gare shi amma yana saukowa. Ni kuwa sai in gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Ranar da ka rasu, ni da ƙanenka Baffa Audu muka yi maka wanka. Muna juya ka na gan shi ƙarƙashin kafaɗa: tabo miƙaƙƙe, tsawon yatsa, da ɗigon zare gefe da gefe. Ni ɗan wanzami ne, Baba, na san tsagar aska. Wannan ɗinkin asibiti ne. Na dubi Baffa, ya sunkuyar da kai. Sai bayan addu'ar uku ya faɗa mini cewa shekarar da ka ce ka tafi cin rani Zariya, shi ya raka ka asibiti aka yanke maka ƙarin. A nan na gane abin da ya sa ko a gona ba ka tuɓe riga.

Da na je asibiti aka yi hoto, likita ya ce curin kitse ne kawai, ba ciwon daji ba. Ya ce ƙarami in ba ya damun mutum a kan bar shi, wani a kan zuƙe amma ya kan dawo, nawa kuwa yanka ya fi. Allura aka yi wa wurin, idona biyu, ina jin hirarsu. Kafin la'asar ina gida. Sun nuna mini shi a tasa, rawaya kamar kitsen kaza. Na fashe da kuka, ma'aikaciyar jinya tana ta sannu, ta ɗauka zafi nake ji.

Ka san hanyar, Baba. Ka bi ta da ƙafarka, ka dawo ka tare mini. Na san dalili: in ɗan Wanzam Ɗanjuma ya je asibiti, wa zai ƙara yarda da ƙahonka? Ka auna sunanka da wuyana, sunan ya fi nauyi. Ka ci amanata, kuma wallahi ya yi mini ciwo.

Amma ina tuna hannunka. Kai da kake yi wa jariri askin suna ba ko ƙyafta ido, in ka zo ƙeyata sai aska ta yi rawa. Ranar ƙahona ba ka cin tuwo. Da ina cewa tausayi ne. Yanzu ban san me zan kira shi ba.

Baffa ya roƙe ni in rufa maka asiri, na kuwa yi shiru wata huɗu. Jiya wani dattijo ya zo daga Maska, ƙari a kafaɗarsa, duk zanen askarka a kai. Ya ce tunda zabirarka tana hannuna, in ɗora daga inda ka tsaya, don kai ma da haƙuri naka ya narke. Na nuna masa ɗinkina, ya ce ai ni na yi gajen haƙuri. Sai na faɗa masa labarin naka ɗinkin. Shi ya sa na rubuta wannan inda kowa zai gani, don ba shi kaɗai ba ne.

Ya Allah Ka gafarta wa Baba, Ka yalwata kabarinsa, kada Ka kama shi da hakkina. Na yafe da baki, zuciyar tana tafe a hankali. Baba, kai ma ka yafe mini rigar da na ɗaga.

Ɗanka,
Sale, wanda har yanzu ake kira Mai Tozo.