Darasin da Jami'a Ta Ƙi Karɓa wa Noemi

Yayana Anselmo,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kuna lafiya kai da iyali, ya ƙara maka ƙarfin jure sanyin Alaska. Mu nan Fresno sai godiya. Inna Chayo ta warke, har ta koma faɗa da maƙwabta a kan bishiyar lemunta.

Maganar 'yar nan tawa, 'yarka Noemi, ce ta hana ni sukuni. Ka san ta gama kwalejin garinmu ta shekara biyu, jami'a kuma ta ba ta gurbi da sharaɗin ta kammala darussan gama-gari. To, sai ga ta ta shigo tana ce min wai an karɓi komai, ban da darasin kimiyyar halittu, domin ta ɗauke shi babu ɗakin gwaji. Wai sai ta ƙara zango guda a gida, gurbin ma ƙila ya wuce ta. Ni da farko jami'ar na yi ta tsine wa. Amma Yaya, yarinyar da aka ƙwace wa abin da ta yi wa wahala, ita ce za ta zauna ta tashi da kwano biyu na faten masaran nan, pozole, tana 'yar waƙa?

Ran Lahadi bayan coci na tare ƙawarta Yesenia. Ta yi ta kame-kame, wai ita ba ruwanta, kada in haɗa ta da Noemi. Da na matsa sai ta ce ai ko sabon shiga ya san darasin iri biyu ne, mai gwaji da marar gwaji, mai ba ɗalibai shawara kuma ya faɗa musu tun ranar farko. Noemin da ke karanta ƙananan rubutun jikin kwalbar maganina ce za ta yi wannan kuskure? Na so a ce saurayi ne ya riƙe ta, wallahi da na fi samun sauƙi. Sai na tambayi Yesenia ranar da ake shiga ɗakin gwajin. Ta sunkuyar da kai ta ce Talata da yamma. Talata da yamma kuwa Noemi ke kai ni wankin ƙoda a mota.

Na tambayi Noemi ido da ido, sai ta ce in daina bincike kamar 'yar sanda, ta miƙo min ruwa. Tsoro nake ji, Yaya, zango na gaba ma wani darasin zai sake “ɓacewa”. Kai take jin kunya. Ka kira ta, ka ce mata asibiti na da motar ɗaukar marasa lafiya, na riga na ba da sunana. Ban haife ta don ta zauna gadina ba.

Ka gaishe da Graciela, da Beto da amaryarsa.

Ƙanwarka,
Ofelia