Koriyar Fitilar da Bulus Ya Bari

Yaya Ladi,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina gajiya, yaya maigida da yara? Mu nan Barnawa lafiya, ƙafar Mama da sauƙi.

Tun rasuwar ƙaninmu Bulus aikinsa ya dawo kaina. Da aka kawo sababbin na'urorin famfon sola, na zauna haɗa musu kanel, wato manhajar da ke tayar da na'ura. Saitin asali da ya bari na ɗauka, ban taɓa komai ba. Ina kunnawa, wata koriyar fitila ta fara bugawa bibbiyu kamar zuciya. Ashe shi ya saita haka, don ya gane na'ura na raye tun daga bakin ƙofa. Yaya, da rana tsaka tsigar jikina ta tashi.

Oga ya ce, "Istifanus, cire ta, batir kawai take ci." Layi ɗaya zan goge a manhajar, amma hannuna ya ƙi. Ina tsaye a asibiti ranar da zuciyar Bulus ta tsaya.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Kada Mama ta ji, za ta ce a kawo mata na'ura ɗaya ta ajiye a ɗaki.

Ƙaninki,
Istifanus