Gwanjon A-kori-kurarku Ya Hana Ni Makka Bara, Bana Ga Ni Ina Haɗa Jaka

Zuwa ga Manajan da ke kula da motocin kamfanin nan mai rarraba takin zamani da irin shuka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina yi maka barka da aiki.

Ranka ya daɗe, ni tsohuwar malamar firamare ce, gidana yana Zaitawa a cikin birni. Ƙorafi ne ya sa na ɗauki biro, amma kada ka ɗaure fuska, domin mai ƙorafin tana rubutu ne tana murmushi. Ka dai yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Da na yi ritaya, kuɗin sallamata na sayi kujerun roba da rumfuna na haya da su, na kuma sayi ƙaramar a-kori-kura fara, 'yar Kwatano. Duk wanda ya san lungunanmu ya san babbar mota ba ta shiga. Tawa kuwa sai ta kutsa har ƙofar gidan biki. Direbana Malam Iliya ne, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda ya zo birni daga ƙauye yana dako a kasuwa kafin ya koyi tuƙi. Shekara shida muna tare, ban taɓa samun sa da ha'incin ko sisi ba.

Bara na ƙudura niyyar sauke farali. Abin da na tara bai kai ko rabin kuɗin kujerar Makka ba, sai na yanke shawarar sayar da motar. Dillali ya zo ya zagaye ta, ya tayar da inji, ya ce miliyan tara ba gardama. Ya kawo mai saye, wani mai gidan burodi daga Gwammaja, muka daidaita, ya ce ranar Litinin zai zo da kuɗi. Har na fara buga wa 'yan'uwa waya ina neman yafiya.

Ranar Asabar kuka saki motocinku. Ina dawowa daga dubiya a adaidaita sahu, muka biyo ta wajen Ƙofar Ɗan Agundi, sai ga su jere a filin dillalai, farare tas, iri ɗaya da tawa kamar uwa ɗaya ta haife su. Na sa mai adaidaita ya tsaya na ƙirga da idona: talatin da ɗaya. Litinin ta zo, mai burodi bai zo ba. Talata ya kashe waya. Laraba dillali ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce, "Hajiya, kasuwa ta juya. Yanzu ko shida aka taya, ki gode wa Allah." Hajiyar da ya kira ni da ita ta fi maganar kuɗin yi mini ciwo. Aka rufe karɓar kuɗin kujera ina ji ina gani. Ranar na shige ɗaki na yi kuka sosai, ba zan ɓoye maka ba.

Ga abubuwan da nake so ka sani, don wataƙila daga ofis ba a hango su:

1. Masu sayen irin wannan mota a garin nan ba su da yawa, kuma kusan duk mun san juna: masu burodi, masu ruwan leda, masu hayar kujeru irina, da masu ɗauko kayan gwari. Idan kuka zuba talatin rana ɗaya, kun ɗauke masu sayen wata da watanni a yini guda. Wanda ke da guda ɗaya tak a ƙofar gida, wa zai kalle shi?

2. Ku kun riga kun ci moriyar motocinku, so kuke kawai ku share fili don sababbi su shigo, saboda haka duk abin da aka taya sai ku sallama. To amma wannan farashin naku shi ne ya zama ma'aunin kasuwa. Tawa da ake wankewa kullum, ake canza mata baƙin mai a kan lokaci, an daidaita ta da wadda ta shekara biyar tana ɗaukar taki a hanyoyin ƙauye.

3. Ba ku sanar da kowa ba sai manyan dillalai. Su sun sani tun da wuri, suka yi maza suka sayar da nasu tsofaffin a farashi mai kyau. Mu ne muka kwana a ciki. Maƙwabcinmu, wani kafinta da rashin lafiyar matarsa ta matsa, haka ya sallama tasa a wulaƙance, don shi ba shi da damar jira.

Wannan shi ne ƙorafin. Yanzu ga abin da ya biyo baya, wanda adalci ya sa dole in faɗa.

Duk tsawon lokacin da nake cinikin motar, ban lura ba ashe Malam Iliya ya rame. Ya san ranar da ta bar gidan, aikinsa ya ƙare. Bayan mako biyu da gwanjonku ya yi sallama a zaure, ya zauna yana murza hularsa a hannu. Ya ce, "Malama, ina jin kunyar in yi murna kina cikin baƙin ciki, amma karyewar farashin nan ta kawo mota daidai tsawon hannuna." Ashe ya je ya ga ɗaya daga cikin naku, mai lotsattsiyar ƙofa wadda kowa ya tsallake. Ya sayar da bijimansa biyu na kiwo a ƙauye, ya kwashe adashinsa, ƙaninsa ya cika masa. Na ce maza ya tafi da makanikinmu kafin wani ya riga shi.

Ranar da ya shigo da ita unguwa, ban taɓa ganin haka ba. Matarsa ta rangaɗa guɗa tun daga bakin lungu, tsofaffin abokan dakonsa suka zo daga kasuwa suka haye baya, aka yi ta zagaye ana danna hon har liman ya leƙo ya yi addu'a. Mutumin da ya shekara goma sha yana ɗaukar buhu a ka, yau ga shi da takardun mota da sunansa a jiki. Ya miƙo mini su in karanta masa da ƙarfi, na karanta, ya ce in sake.

Daga nan muka zama masu mota biyu. Ƙaninsa ya karɓi tawa, shi yana jan tasa, muna raba abin da aka samu. A da idan biki biyu suka haɗu rana ɗaya sai in ba ɗaya haƙuri. Yanzu har uku muna ɗauka. Kayan gyara ma suka sauko, don an farfasa matattun cikin naku ana sayar da sassansu. Kafin shekara ta zagayo na biya kuɗin kujerata cif, motata kuma tana nan a ƙofar gida. An yi mana bita, an yi mana allura, an ɗinka mini kayan maniyyata. Jikokina sai gwada hijabin suke yi.

Sai dai kada ka ce ai ga shi gwanjon ya zama alheri, magana ta ƙare. Allah ne ya juya mini, ba tsarinku ba. Kafintan nan har yau a baro yake kai ƙofofi. Kuma na ji ana raɗe-raɗin za ku sake sakin wasu. Don haka ina roƙon:

Ku sanar a rediyo aƙalla wata guda kafin ranar, kowa ya ji lokaci ɗaya, mai sayarwa ya shirya, mai saye ya tara.

Ku riƙa fitar da su kaɗan-kaɗan, biyar ko shida, ba garke guda ba.

Ku ware wasu ku sayar kai tsaye ga direbobi da masu ƙananan sana'a, kowace da takardar tarihin gyaranta, don a san wadda ta sha wahala da wadda aka lallaɓa. Akwai irin Malam Iliya da yawa, ciki har da direbobinku da suka tsufa a kan sitiyarin waɗannan motocin.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci kamfaninku, ya ba manomanmu damina mai albarka, ya sa ka gama aiki lafiya. Na yafe maka kukan da na yi, har zuciyata. Idan Allah ya kai ni Arfa zan sa ka a addu'a. Ban san sunanka ba, amma zan ce "mai gwanjon motocin nan", Ubangiji ya san wanda nake nufi.

Wassalam.

Taka mai fatan alheri,
Malama Hadiza, mai hayar kujeru,
Zaitawa, cikin birnin Kano.