Agogon Motar Malam

Litinin, 3 ga Maris

Bakanike ya dawo da mota da sabon batir. Komai lafiya sai agogon gaban mota, ya koma sha biyu, daga nan yake ƙirga abinsa. Na ce ya gyara, wai shi na inji ne, ba na agogo ba. To, na ji. Zan gyara abina. Matar da ta koyi tuƙi da furfura a ka, agogo ne zai gagare ta?

Laraba, 5 ga Maris

Asibiti, wurin gashin ƙashi. Tun da ɓarin jikin Malam, maigidana, ya shanye ni ce a sitiyari, shi a gefe, a motar da da ko mabuɗinta ba ya bari in taɓa.

Likita ta ja ni gefe. Ta ce ƙafa tana dawowa, hannu ma ba laifi, bakin ne ya dame ta. Wai zai iya magana, nauyi kawai harshen ya yi, amma in bai motsa shi yanzu ba zai saba da shirun, kuma daga baya sai dai haƙuri. Na ce mata ai na sani. Tun ranar da jikanmu ya yi dariyar yadda ya ce "ruwa" bai sake buɗe baki ba. Sai nuni da yatsa, sai gyaɗa kai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gaban allo, wanda har mai karanta labarai a rediyo yake yi wa gyara.

Ina jin tsoro. A nan kawai zan faɗa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na danna duk abin da ke dannuwa. Rediyo ta kama, iska ta buso mini a fuska, fitilu huɗu suka hau ƙiftawa. Agogo ko kallona bai yi ba.

Asabar, 8 ga Maris

Babbar 'yarmu a waya: "Umma, ga agogo a wayarki, me za ki yi da na mota?"

Ba za ta gane ba. Ubanta bai taɓa barin agogon nan ya zame da minti ɗaya ba, da ƙarar farkon labaran rediyo yake saita shi. Ba zan zaunar da shi a gabansa kullum yana kallon abin yana zuba ƙarya ba. Na riga na karɓe masa sitiyari, ya isa.

Litinin, 10 ga Maris

A cunkoson gada na gano wani ɗan maɓalli a ƙasan rediyo. Na yi ta dannawa, lambobi suka ɗan motsa suka koma inda suke. Malam yana ta buga gwiwa da hannun hagu, yana huci. Na san hucin nan, shi yake yi in ɗalibi ya ba da amsar banza.

Na ce, "Malam, in ka sani ka faɗa. In ba haka ba ka bar ni da wahalata."

Ya juya fuska wajen taga. Har gida.

Talata, 11 ga Maris

Ban taɓa agogo ba. Haushi. Amma ban fasa ba.

Laraba, 12 ga Maris

Bari in rubuta a hankali kada in manta komai.

Mun iso asibiti da wuri, na faka a ƙarƙashin bishiya, na koma kan maɓallin nan. Danna, saki. Danna, saki. Sai na ji wani sauti a gefena, na ɗauka tari ne.

"Riƙe."

Ban juya ba. Na san in na kalle shi zai haɗiye sauran.

"Ki... riƙe."

Na danna na riƙe. Lambobin awa suka fara ƙiftawa. Ashe duk kwanakin nan saurin saki nake yi.

"Juya."

Na juya makunnin rediyo, awa ta tafi. Har na zarce, sai da na zagayo.

"Danna."

Haka muka bi minti ma. Shi ke nan, agogo ya zauna. Na ce, "To, madalla," kamar ba komai, kamar jiya ma mun yi hira. Muryar ba irin tasa ta da ba ce, ta yi kauri, tana jan ƙafa. Amma tasa ce. Da na miƙa shi ga likita na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito.

Alhamis, 13 ga Maris

Na tambaye shi shayi ko ruwa, ya nuna da yatsa. Na tambaye shi ko in buɗe taga, ya gyaɗa kai. Mun koma gidan jiya.

Asabar, 15 ga Maris

Agogo daidai yake, ko daƙiƙa bai zame ba. Na ci nasara ke nan. Sai hararar sa nake.

Litinin, 17 ga Maris

Da safe ina ɗumama mota kafin in fito da shi, yatsana ya faɗa kan maɓallin. Ya kuma riƙe. Allah ya yafe mini, na tura shi gaba da awa uku.

Da ya zauna ya gani, na riga shi: "Ka ga abin nan ya sake rikicewa. Sabon batir ɗin nan ban yarda da shi ba." Na kai hannu kan maɓallin iska.

"Ba... wannan ba. Na ƙasa."

Na yi kamar na manta komai. Sai da ya bi da ni daga farko har ƙarshe.

Laraba, 19 ga Maris

Batir ya sake "rikicewa". Yau har da, "Ɗaliba... daƙiƙiya." Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba. Likita ta ce me muke yi a gida ne, na ce babu komai.

Litinin, 24 ga Maris

An kama ni.

Yatsana na kan maɓalli, na ɗaga kai, ga Malam tsaye a bakin ƙofa da sandarsa. Shi kaɗai ya fito, ban san ya iya ba. Ya lallaɓo ya shiga ya zauna. Na ji kunya ta rufe ni, ga tsoro kada ya ce na mayar da shi yaro ya sake kulle bakin gaba ɗaya. Inji na ta kaɗawa.

"Kin iya."

Na ce, "Wa? Ni? Ina fa."

"Ina ganinki... ta taga. Kullum."

Na rasa inda zan sa idona. Na kai hannu zan gyara, ya ɗora nasa a kan nawa, na daman, mai ciwon.

"Bari. Gobe... ki ɓata minti ma. Awa ta yi... sauƙi."

A hanya ya ce ina taka birki kamar mai kashe kunama. Ya ce na cika bin bayan manyan motoci. Ya ce jikan nan namu a kawo shi ran Asabar. Wasu kalmomin sai da ya maimaita, na jira, ban ƙarasa masa ko ɗaya ba.

Ni dai har yanzu ba na son agogon da ba daidai ba, wannan ba ta canza ba. Amma mun je mun dawo yana nuna abin da ya ga dama, kuma sai yanzu da nake rubutu na tuna ba wanda ya gyara shi.